Wane Musa? Nazari kan Neman Bayani da Sharuɗɗa da Yawa a Jadawalin Kwamfuta, daga Shagunan Yakité

Gabatarwa

Yakité ɗaya ce daga unguwannin gunduma ta uku ta birnin Bangui, a yankin da ake kira Kilomita Biyar ko PK5 saboda nisansa daga tsakiyar gari. Nan ne cibiyar cinikin babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi suka daɗe suna hada-hada tare da sauran 'yan ƙasa. Ƙasar ba ta da gaɓar teku, don haka mafi yawan kayan da ke shagunan yankin ta Kamaru suke shigowa. Daga tashar jiragen ruwa ta Duwala manyan motoci kan bi titin da ya haura kilomita 1,400, su ƙetare iyaka tsakanin Garoua-Boulaï da Béloko kafin su sauke a Bangui.

Wannan doguwar hanya ita ce ta sa kaya ɗaya ba ya da farashi ɗaya. Kuɗin buhun shinkafa ya danganta da nauyinsa, da inda aka saro shi, da ranar da motar ta iso. Lokacin da 'yan tawaye suka datse titin daga Disamba 2020 zuwa farkon 2021, ɗaruruwan motoci suka maƙale a Garoua-Boulaï, farashin da aka rubuta a makon jiya ya daina amfani a makon yau. Har yanzu ƙananan 'yan kasuwa da littafi da wayar hannu suke riƙe lissafinsu, amma manyan 'yan sari da shagunan magani da makarantu da ƙungiyoyin agaji jadawalin kwamfuta suke amfani da shi, galibi Excel.

Wannan nazari ya duba yadda ake zaƙulo bayani daga irin wannan jadawali idan sharaɗin nema ya wuce ɗaya. Abin da yake son tabbatarwa shi ne cewa fomula ita ce ɓangare mafi sauƙi na aikin. Inda ake asara shi ne rashin sanin abin da ya bambanta kowane layi da 'yan'uwansa, da kuma karɓar amsa ba tare da an ƙirga amsoshin da suka cancanta ba.

Asalin matsalar

Jadawalin kwamfuta ya ƙunshi layuka a kwance da ginshiƙai a tsaye, inda suka haɗu kuma gurbi ne. Na farko da ya yi fice shi ne VisiCalc na Dan Bricklin da Bob Frankston a 1979, sai Lotus 1-2-3 a 1983, sannan Excel a 1985. Tun zamanin Lotus akwai umarnin VLOOKUP, wanda Excel na Faransanci, irin wanda aka fi samu a Bangui, yake kira RECHERCHEV. Aikinsa shi ne ya bi ginshiƙin farko daga sama zuwa ƙasa, in ya ga abin da aka ba shi ya tsaya, ya ɗauko abin da ke wani gurbi na wannan layin. Sharaɗi ɗaya yake karɓa, kuma a kan layin farko da ya dace yake tsayawa.

Wanda ya shiga kasuwar Kilomita Biyar ya ɗaga murya ya ce "Musa!" ya san mutum nawa za su waiwayo. Shi ya sa ɗan kasuwa ba ya aiken yaro wurin Musa kawai, sai ya ce Musa mai goro, na layin masallaci. VLOOKUP kuwa Musan da ya fara waiwayowa shi yake miƙa wa saƙon, ba ya ko ambata cewa akwai wasu.

Ga ɗan jadawali na misali, alƙalumansa ƙirƙira ce don bayani kawai. Ginshiƙin A kaya ne, B nauyi da kilo, C inda aka saro, D ranar shigowa, E farashi da sefa:

Layi na 2: shinkafa, 25, Duwala, 3 ga Maris, 14,000
Layi na 3: shinkafa, 50, Duwala, 3 ga Maris, 27,000
Layi na 4: sukari, 50, Duwala, 5 ga Maris, 38,000
Layi na 5: shinkafa, 50, Yawunde, 9 ga Maris, 28,500
Layi na 6: shinkafa, 50, Duwala, 20 ga Afrilu, 30,000

Mai saye ya zo yana son babban buhun shinkafar Duwala. In akawu ya nemi "shinkafa" da VLOOKUP, 14,000 za ta fito, wato kuɗin ƙaramin buhu. Babu wata alamar kuskure da za ta bayyana, domin a ganin kwamfuta ta yi abin da aka sa ta.

Masana sun daɗe da gano bakin zaren. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa maƙalar da aka gina rumbunan bayanai na zamani a kanta, inda ya nuna cewa kowane jadawali yana buƙatar mabuɗi, wato ginshiƙi ɗaya ko haɗin ginshiƙai da ba za su taɓa maimaituwa a layi biyu ba. Rumbun bayanai yakan ƙi karɓar layin da ya maimaita mabuɗi. Excel ba ya ƙin komai sai in an kafa masa doka. Saboda haka nauyin da injin ya kamata ya ɗauka ya koma kan akawu.

Hanyoyi huɗu da abin da kowace ke ɓoyewa

Hanya ta farko ita ce ginshiƙin taimako. Ana buɗe sabon ginshiƙi a manne sharuɗɗan wuri ɗaya da alamar &, kamar =A2&"|"&B2&"|"&C2, sai a sami "shinkafa|50|Duwala" a nema da VLOOKUP. Tana aiki a kowane tsohon Excel, tana da sauri, kuma ido yana ganin abin da ake nema. Sandar da ke tsakani ba ado ba ce. In aka manne lambar layi da lambar shago babu ita, layi na 1 shago na 12 zai zama 112, layi na 11 shago na 2 shi ma 112, bashin wani ya hau kan wani.

Hanya ta biyu ita ce haɗa INDEX da MATCH, wanda a Faransanci ake kira EQUIV. In an rubuta sharuɗɗan a gurabun H1, H2 da H3, fomular a kwamfutar Bangui ita ce:

=INDEX(E2:E6;EQUIV(1;(A2:A6=H1)*(B2:B6=H2)*(C2:C6=H3);0))

Ya kamata a fahimci abin da ke gudana a ciki, domin duk sauran hanyoyin zamani a kansa suka dogara. Kowane sharaɗi tambaya ce da ake yi wa layukan ɗaya bayan ɗaya, amsar "e" ta zama 1, "a'a" ta zama 0. Tambayar kaya ta ba da 1, 1, 0, 1, 1. Ta nauyi ta ba da 0, 1, 1, 1, 1. Ta inda aka saro ta ba da 1, 1, 1, 0, 1. Da aka ninka su, duk layin da ya faɗi ko da sharaɗi guda ya koma sifili, aka bar 0, 1, 0, 0, 1. Ninkawa ke nan tana nufin "wannan da wancan". Inda ake son "wannan ko wancan", tarawa ake yi. A Excel na da, kamar na 2010 ko 2016, sai an danna Ctrl da Shift da Enter tare kafin fomular ta yi aiki daidai.

Amma a lura da sakamakon: 1 biyu ne suka rage. EQUIV na farkon zai ɗauka, ya kawo 27,000, farashin watan Maris, alhali buhun da ke shago a yau na 30,000 ne. A kan buhu 40, maigida ya yi asarar sefa 120,000 da fomular da ba ta da aibi ko kaɗan a rubuce. Sharuɗɗa uku ba su kai mabuɗi ba a wannan jadawali. Sai an ƙara rana.

Hanya ta uku ita ce SUMIFS, ko SOMME.SI.ENS, wanda ya zo da Excel 2007. Mutane suna sonsa saboda an yi shi ne don sharuɗɗa da yawa, rubuta shi kuma ba wuya. Sai dai shi mai tarawa ne. A misalinmu 57,000 zai bayar, jimillar farashi biyu. In kuma babu layin da ya dace, sifili zai nuna, wanda a littafin bashi ana iya karanta shi a matsayin "ya biya" alhali ma'anarsa "ban same shi ba". Ba ya kuma iya ɗauko suna ko wani rubutu, sai lamba. Inda ya fi dacewa shi ne tambaya irin "nawa wane ya karɓa a watan nan", inda jimilla ake so da gaske.

Hanya ta huɗu ita ce sababbin umarnai. Microsoft ya sanar da FILTER a 2018 da XLOOKUP a 2019, kuma suna cikin Excel 2021 da Microsoft 365. A Faransanci FILTRE da RECHERCHEX ne. Google Sheets ya samu XLOOKUP a 2022, LibreOffice kuma a 2024. RECHERCHEX yana karɓar ninkin sharuɗɗan nan, yana ba da damar rubuta abin da zai fito in ba a samu ba, kuma in aka sa masa -1 a ƙarshe daga ƙasa zai faro nema, ya kawo 30,000. Wannan dabara tana aiki ne muddin layukan suna jere bisa kwanan wata. Ranar da wani ya sake jera su bisa haruffa, ta rushe ba tare da sanarwa ba. Mafi aminci shi ne a fara gano rana mafi kusa da MAXIFS, wato MAX.SI.ENS, wanda ya zo da Excel 2019, sannan a sa ta a matsayin sharaɗi na huɗu. FILTRE kuwa shi kaɗai ne ba ya zaɓa wa mutum: duk layukan da suka dace yake zubowa, a ga biyu in biyu ne.

Akwai cikas na zahiri a nan. Kwamfutoci da yawa a kasuwanninmu na hannu ne, da tsohon Excel a kansu. Jadawalin da ɗan maigida ya tsara da XLOOKUP a Kano, in ya iso kwamfutar da ke ɗauke da Excel 2010, da zarar an sake lissafi #NOM? zai nuna. Wanda zai raba jadawalinsa da wasu, kwamfuta mafi tsufa a cikinsu ita ce ma'auninsa.

Ƙidaya kafin nema

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'ida guda. Kowane nema yana da sakamako uku: ba a samu ba, an samu ɗaya, an samu fiye da ɗaya. Umarnan nema suna kuka a kan na farko ta hanyar nuna #N/A, suna shiru a kan na uku. Na uku kuwa shi ne mai cin kuɗi. Maganinsa gurbi ɗaya ne a gefen amsa mai ɗauke da COUNTIFS, ko NB.SI.ENS, da sharuɗɗan nan dai. In ya nuna 1, a karɓi amsa. In ya nuna 0 ko 2, a koma jadawali.

Al'adar da ta yaɗu ta lulluɓe kowace fomula da IFERROR, wato SIERREUR, don jadawali ya yi kyan gani, tana ƙara dagula lamarin, domin ta toshe bakin kuka ɗaya tilo da kwamfuta ke yi. Haka nan tsallake sashi na huɗu na fomular VLOOKUP gaba ɗaya yana sa shi neman abin da ya yi kusa maimakon abin da ya yi daidai. Sai an rubuta 0 ko FAUX. Neman kusa yana da ranarsa, misali farashin sari mai hawa-hawa, katan 1 zuwa 9 kaza, 10 zuwa 49 kaza, amma da sani ake zaɓarsa, a kan jadawalin da aka jera daga ƙarami zuwa babba. Kuskure marar ƙara ba na ƙananan shaguna kaɗai ba ne. A Oktoba 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin korona 15,841 ya salwanta daga rahotanninta saboda tsohon tsarin fayil ɗin Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536.

Inda bayanai ke yaudarar fomula

Ɗan kasuwar Yakité yana tsakanin duniyar Faransanci da ta Ingilishi, kuma jadawalinsa yana jin haka. In aka aiko fayil daga Kano, Excel da kansa yake juya sunayen umarnai. In kuwa fomular a saƙon WhatsApp aka turo ta aka kwafa, ba za ta yi aiki ba, domin sunayen sun bambanta, kuma inda Ingilishi ke sa waƙafi Faransanci waƙafi mai ɗigo yake sawa. Dalili shi ne waƙafi a Faransanci yana raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta: 12,500 a Kano dubu goma sha biyu da ɗari biyar ne, a kwamfutar Bangui sha biyu da rabi ne.

Faransanci da fili yake raba dubbai, 12 500. In aka kwafo irin wannan lamba daga intanet ko takardar banki, sau da yawa filin na musamman ne da TRIM, wato SUPPRESPACE, ba ya sharewa, sai an cire shi da SUBSTITUE. Kafin nan lambar rubutu ce a wurin Excel. Wannan bambanci yana haifar da wani abin mamaki: NB.SI.ENS yana ɗaukar 50 na rubutu da 50 na lamba abu ɗaya, EQUIV kuwa ba ya yarda. Duk ranar da ƙidaya ta nuna 1 amma nema ya nuna #N/A, a fara zargin wannan.

Lambar waya da lambar shaida ma tarko ne. Lambar Najeriya mai farawa da 0 tana rasa sifilinta in ba a mayar da ginshiƙin na rubutu ba. Excel kuma lamba 15 kawai yake riƙewa daidai. Abin da ya wuce haka sifili yake zama, har lambobin mu'amala biyu dabam su koma iri ɗaya.

Sai batun awo. A bakin Bahaushen ƙasashen sefa dala sefa 5 ce, jaka kuma 1,000. A harshen Sango ma da pata ake ƙirga biyar-biyar. Yaron shago da ya ji "dala ɗari biyu" ya rubuta 200, wani kuma ya rubuta 1,000, duk kuɗi ɗaya suke nufi. Haka buhu da katan da dozin. Ginshiƙin da aka cakuɗa awo biyu a cikinsa ba ya zama sharaɗi.

Idan abin nema mutum ne

Matsalar ta fi tsanani idan layukan mutane ne. Bayan rikicin da ya ɓarke a Bangui ranar 5 ga Disamba 2013, dubban Musulmin birnin sun yi gudun hijira zuwa Chadi da Kamaru, Kilomita Biyar ta zama mafakar waɗanda suka rage. Mutane da dama sun rasa takardunsu. Daga baya jerin sunaye ya zama hanyar samun tallafi da gurbin makaranta da rajistar masu dawowa, kuma ana yawan gwama jeri biyu don gano wanda aka rubuta sau biyu.

A nan kowane sharaɗi yana da rauni. Suna ɗaya yana iya fitowa Muhammadu, Mahamat, Mamadou ko Mohamed, gwargwadon wanda ya riƙe alƙalami; haka Usman da Ousmane, A'isha da Aïcha. Excel ba ya bambanta babban harafi da ƙarami a wurin nema, amma yana bambanta e da é, da k da ƙ. Sunan uba wani lokaci a gaba, wani lokaci a baya. Ranar haihuwa kuwa, tsofaffin takardu da yawa shekara kawai suke nunawa bisa kintace, masu rajista kuma kan cike gurbin da 1 ga Janairu, sai mutane barkatai su zama 'yan rana ɗaya.

Kuskuren iri biyu ne, kuma gudun ɗaya yana kai mutum ga ɗayan. In sharuɗɗa sun yi kaɗan, za a haɗe mutum biyu, a hana ɗaya haƙƙinsa, alhali kama da wane ba ta wane. In sun yi yawa, harafi guda ya isa ya raba mutum ɗaya gida biyu ya karɓi kaso biyu, ko a ce ba ya cikin jeri. Masana ƙididdiga biyu na Kanada, Ivan Fellegi da Alan Sunter, sun tsara wannan matsala a 1969, suka raba hukunci uku: waɗanda tabbas mutum ɗaya ne, waɗanda tabbas dabam ne, da na tsakiya da dole ɗan Adam ya duba. Fomular ninkawa ba ta san tsakiya ba, 1 ko 0 kawai take bayarwa. Ana iya kusantar ra'ayinsu ta tara sharuɗɗan maimakon ninka su: wanda ya dace a huɗu cikin huɗu a karɓa, wanda ya dace a uku a ware shi, a kai wa mai unguwa ko limamin da ya san gidajen. Hukuncin hana mutum rabonsa bai kamata ya fito daga gurbin jadawali kai tsaye ba.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa hanyoyin huɗu duk suna iya kawo amsa daidai, duk kuma suna iya kawo kuskure cikin natsuwa. Bambancinsu yana ga abin da kowace ke yi idan layi biyu suka dace: VLOOKUP da EQUIV na farko suke ɗauka, RECHERCHEX na farko ko na ƙarshe, SOMME.SI.ENS ya tara, FILTRE ya nuna duka. Zaɓi tsakaninsu ya danganta da tambayar da ake yi da kuma tsufan kwamfutar da za ta buɗe fayil ɗin.

Tun ran gini tun ran zane. Mai buɗe sabon jadawali ya fara rubuta, da kalmomi, waɗanne ginshiƙai ne in an haɗa su ba za su maimaitu ba. In ya gagara samu, ya ƙirƙiri lamba: kowane kaya da lambarsa, kowane mai bashi da tasa, kowane gida da katinsa, nema ya koma sharaɗi ɗaya. Sunayen kaya da garuruwa a zaɓe su daga jerin da aka tanada maimakon a riƙa buga su da hannu. Kowane ginshiƙi awo ɗaya, lambobin waya da na shaida a matsayin rubutu, sabon farashi kuma sabon layi da ranarsa, ba a goge tsohon ba. A gefen kowace fomular nema a ajiye gurbin ƙidaya. Akawun da ya kiyaye waɗannan, ko da Excel 2007 yake aiki, lissafinsa ya fi na mai sabuwar kwamfuta da bai san mabuɗin jadawalinsa ba.